Baba Firmin, Mai Motar Tsintsiya

Gari bai gama wayewa ba, ƙararrawar coci ma ba ta buga shida ba, yayyafi kuma yana ta sauka a hankali, irin wanda ba shi da niyyar ɗaukewa. Gajimare ya sauko ya kwanta a kan kwarinmu, ko rufin maƙwabcinka ba ka hangowa, balle tsaunuka. A irin wannan safiya, in dai ranar tseren keke ce, fitila ɗaya za ka gani a kunne a layinmu, ta garejin Baba Firmin Casabonne.

Ba ya gaggawa. Zai bi tayoyin motar yana taɓa su da ƙafa kamar mai gaida maƙwabta. Ya duba ruwa, ya duba birki, don a hanyoyinmu birki shi ne ran mota. Sai ya jera barguna a kujerun baya, tsofaffi masu kaushi, waɗanda suka sha gumi da jinin samarin kwarin nan har sun gaji. Can sai matarsa, Mama Odile, ta fito da tukunyar romon kabeji a naɗe cikin tawul, da burodi, da cukun tumaki.

"Ka sha maganinka?"

"Na sha."

"Ƙarya kake. Ga shi can a kan tebur yana kallonka."

"To ai shi ya sa ban sha ba, Odile. Ba na iya cin abin da ke kallona."

Ta ajiye tukunyar ta koma ciki tana mita. Shi kuma ya ɗauko tsohuwar tsintsiya mai doguwar ƙota, ya ɗaure ta a bayan motar, bakinta yana kallon sama. Daga nan aiki ya fara.

Motar tsintsiya ita ce ta ƙarshe a tsere. Masu keke su wuce, motocin alƙalai su wuce, motar asibiti ta wuce, sannan ita, tana tafe tana share waɗanda ƙafafunsu suka mutu a hanya. In ta wuce, jandarma su buɗe titi, kowa ya kama gabansa. Babu mai tafa mata. Yawanci kafin ta iso 'yan kallo sun naɗe kujerunsu, sai dai ka ga bawon lemo da kwalabe a gefen hanya. Shekara arba'in da wani abu Baba Firmin yana tuƙa ta a Tseren Kwari Uku, namu na nan gida, ba babban tseren ƙasa da ake nunawa a talabijin ba. Sauran ranakun shekara kuwa motar madara yake ja daga gona zuwa gona, har ya yi ritaya. Bai taɓa ganin wanda ya ci tseren yana ƙetare layi ba. Na gaba ya yi gaba, shi sai labari.

Labarin kuwa yana da shi. Mahaifinsa leburan hanya ne, da shebur ya yi rayuwarsa a kan Wuyan Akuya, mashigar tsaunin da ta fi kowace tsayi a wajenmu. Daga bakinsa Baba Firmin ya ji yadda mutanen farko suka hau tsaunukan nan da keke, lokacin da ba kwalta, sai tsakuwa da taɓo da kashin tumaki. Suna rataye da tayar safaya a kafaɗa. In hawa ya yi tsanani sai mutum ya sauka ya kwance ƙafar baya ya juya ta, don a nan sauƙin feda yake. In keke ya karye, kai za ka nemi maƙera ka gyara da hannunka, ba a yarda kowa ya taimake ka ba. In ƙishi ya kama su sai su faɗa shagon mutane su kwashi abin da hannu ya kai, mai shago yana ihu suna tafiya. Yana ba da labaran nan ba tare da ɗoki ba, kamar mai faɗin yadda aka yi damina. Wata rana na ce masa mutanen da jarumai ne. Sai ya ce, "Gajiyayyu ne kamar ku, Bastien. Tun da aka fara hawan tsaunin nan da keke, mutum ɗaya ne ke cin tsere a shekara. Sauran duk nawa ne."

Ni aikin rufin gidaje nake yi, ranar Lahadi kuma in hau keke kamar kowane saurayi a nan. Na shiga motarsa fiye da yadda zan so in faɗa, shi ya sa na san wasu ɗabi'unsa da ba a rubuta a dokar tsere ba. Ba ya matse wa na ƙarshe. Yakan bar tazara yadda mutum ba zai ji gurnanin inji a ƙeyarsa ba, domin ya ce ba tsauni ke karya mutum ba, ƙarar motar tsintsiya ce. Bai taɓa ce wa kowa "shigo" ba. In ka shigo da kanka, babu tambaya, ga bargo, ga romo, ga shiru. Kuma ba ya sauke kowa a dandalin gari inda jama'a suke. Sai ya zagaya ta bayan coci, inda babu kowa sai kuliyoyi.

Matar da ke gasa mana burodi ta ba ni labarin ɗanta. Ranar tserensa na farko ya sauka tun rana ba ta yi tsaka ba, amma ya dawo gida idonsa a bushe, har tana mamakin taurin zuciyarsa. Sai da ya yi aure ya gaya mata cewa Baba Firmin ya tsaya a bakin rafi ya ce inji ya yi zafi, ya buɗe gaban mota ya yi ta leƙe-leƙe, har yaron ya gama kukansa ya wanke fuska. Sannan injin ya huce.

Kai ne makiyayin gajiyayyu, Baba Firmin. Kai ne wanda ya ga bayan kowa bai tona ba.

Abin da ya fi ƙi a aikin shi ne lamba. Kowane ɗan tsere yana da lambarsa a maƙale da fil a ƙasan bayan rigarsa, inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi, balle hannun da sanyi ya daskarar. Wanda ya gama tsere shi ke da lambarsa, ya kai gida ya buga ta da ƙusa a bangon gareji ko na garken shanu. Wanda ya shiga motar tsintsiya kuwa, sai an cire tasa an miƙa wa alƙalai. Baba Firmin ne ke cirewa. Ya ce ya fi son a ba shi rago ya yanka.

To, akwai mutum ɗaya da ya cire wa lamba fiye da kowa, shi ne Peyo Etchart, na injin yankan katako. Ƙato ne, ya doshi arba'in, a shimfiɗaɗɗiyar hanya yana ja kamar bijimi, amma tsauni ba ya son nauyi. Duk shekara zai shiga tseren, ya daure kwanakin farko, ranar ƙarshe Wuyan Akuya ta kayar da shi. Bangon garejinsa fayau yake. Kujerar da ke bayan direba ma sunanta ya koma kujerar Peyo. Bana gwiwarsa ta fara kumbura, matarsa Maddalen ta ce wannan shi ne na ƙarshe, ya kuma amsa mata. Ba kofi yake nema ba. So yake sau ɗaya dai ya shiga garin Arrabet, inda tseren ke ƙarewa, a kan kekensa ta babban titi, ya koma gida da lambarsa. Shi ma Baba Firmin bana ce ta ƙarshe, don likitan ido ya ce in rani ya wuce kada ya sake jan mota a kan tsauni.

Da safen ranar ƙarshe, muna jiran a ba mu izinin tashi, Jano makanikin babura, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ɗaga murya.

"Peyo! An kaɗe maka kujerarka, har an sa mata matashi."

"Yau ko ƙurata motar nan ba za ta gani ba," in ji Peyo.

"Wace ƙura cikin ruwan nan, ƙaton banza? Ka ce taɓonka."

Aka yi dariya. Baba Firmin yana jingine da mota.

Ruwan bai ɗauke ba. Ni dai a hawa na biyu cinyata ta ɗaure, na sauka, aka cire mini lamba, na shige cikin bargo. Ba a jima ba sai ga Jano a gefen hanya ya jingine keke. Ya shigo yana neman wurin zama, bai ga na kusa ba sai kujerar bayan direba, ya tsaya yana jinkiri.

"Zauna abinka," in ji Baba Firmin. "Mai ita ba ya zuwa yau."

Da muka fara hawan Wuyan Akuya, mutum ɗaya ya rage a gabanmu. Peyo ne, yana tangaɗi daga wannan gefen titi zuwa wancan, yana danna feda kamar mai taka laka. 'Yan kallo sun watse. Sunayen 'yan tsere da magoya baya suka rubuta da fenti a kan kwalta duk na wasu ne. A bayanmu kuma ga babur ɗin jandarma, a bayansa motocin mutane sun yi layi, masu son komawa gida, wani har ya fara hon. Sai oba-obar motar ta yi ƙara. Madam Larrieu ce, shugabar alƙalai, daga can Arrabet.

"Firmin, kana ina?"

"Ina bayan na ƙarshe, Madam, inda nake kullum."

"Lokacin da aka yanka ya kusa wuce shi. Ka ɗauke shi ko ka wuce shi, jandarma na son buɗe hanya."

"Ban ji ba, Madam. Tsaunin nan yana cinye magana."

"Tsohon nan, kana ji na sarai."

Ya rage muryar abin, ya ci gaba da tafiyar hawainiyarsa.

A wata kwana, kusa da rusasshiyar bukkar makiyaya, Peyo ya tsaya. Bai ma iya zare ƙafa daga feda da kyau ba, ya kife a gefe, ya ja jiki ya zauna a kan dutse. Da motar ta tsaya bai kalle mu ba. Juya mana baya kawai ya yi, kamar yadda ya saba.

"Cire, Baba."

Baba Firmin ya fita cikin ruwan. Bai fara zuwa bayan ba, sai da ya zagaya ta gaba, ya ɗaga haɓar Peyo ya leƙa idonsa, ya dubi leɓensa. Daga baya ya gaya mini cewa akwai wanda jikinsa ya ƙare, akwai wanda zuciyarsa ce ta zauna, kuma da ya ga na farkon da ko da kokawa sai ya jefa shi cikin mota. Sannan ya koma baya ya durƙusa da ƙyar, ya kama fil ɗin yana ta lalube.

"Wa ya maƙala maka wannan?"

"Maddalen."

"Ai kuwa ta ɗaure ka da kyau."

Ya yi ta fama. Ya hura hannu, ya sake kamawa, ya saki.

"Yatsun sun ƙi, ɗana. Sanyin ƙashi."

Jano ya yunƙura zai sauka ya taimaka. Baba Firmin ya ɗago ya yi masa wani kallo da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

"Ku da kuka sauka ba ku da hannu a tseren nan. Zauna."

Peyo ya kai hannu baya da kansa, ya kasa. Ya sake, ya kasa. Sai ya fara zagi.

"Shekara nawa kana cire mini ita kamar mai figar kaza, sai yau yatsunka suka mutu?"

"Tsufa ba ya sallama in zai shigo. Bari mu kai sama, akwai wuta a rumfar masu cuku, in gasa hannun in cire maka."

"To buɗe in shiga."

"Da lamba a baya? Ba a shiga motata da lamba, ka fi kowa sani."

"Allah ya isa, tsoho."

"Amin. Hau mu tafi, mutane na jira."

Peyo ya daɗe a zaune, ruwa yana bin wuyansa. Hon ya ƙaru a baya. Sannan ya miƙe ya ɗaga keken, ya hau, ya danna. Ban san yadda aka yi keken ya motsa ba, amma ya motsa. Muka bi shi.

A can sama akwai wutar kuwa, hayaƙinta yana fita ta rufin rumfar. Wani tsohon makiyayi ya fito bakin titi ya miƙa tsohuwar jarida, yadda ake yi wa masu gangarawa don iska kada ta huda musu ƙirji. Na zuba ido in ga ko Peyo zai ja birki. Ya fizgi jaridar ya cusa cikin riga, bai ko waiwayi rumfar ba, ya sunkuya ya faɗa gangara.

A nan ne na ga tsoro a jikin Baba Firmin. Titi yana sulɓi, gajimare ya rufe kwanoni, a gefen dama kuma babu komai sai rami. Ya kunna duk fitilun motar, ya matso da fuska kusa da gilashi yana ƙanƙance idanun nan nasa da suka gaji. Na ji yana magana ƙasa-ƙasa, ba da mu ba.

"In ya faɗi a nan, ni na kashe shi. Me zan ce wa Maddalen?"

Kowace kwana sai mu rasa shi, sai mu sake ganin jar rigar can ƙasa. Haka muka yi ta yi har muka sauko cikin itatuwa, har aka fara ganin rufin gidaje.

Mun shiga Arrabet da yamma liƙis. An kashe lasifika, ana loda shingayen ƙarfe a mota, wanda ya ci tseren ma ya yi wanka ya tafi. Amma farin layin yana nan a kan kwalta. Baba Firmin bai karya ta bayan coci ba, ya bi Peyo ta babban titi, ni da Jano muka duƙa cikin barguna. Masu kwashe shinge suka dakata, wani ya tafa sau biyu ko uku ya ga shi kaɗai ne ya bari. Peyo ya ƙetare layin, ya tafi har bakin famfon dandali, ya saki keken ya zube a kan dakali, kansa tsakanin gwiwoyinsa. Maddalen tana nan da lema, ita kaɗai ta jira.

"Ka gama? To madalla. Dubi yadda ka koma, kamar kazar da ta faɗa rijiya."

Tana faɗa tana lulluɓa masa mayafinta.

Madam Larrieu ta zo wurin motar, ita ma a jiƙe, a gajiye. Ta ce lokaci ya wuce Peyo, sunansa ba zai shiga cikin waɗanda suka gama ba, ba ita ta yi dokar ba. Baba Firmin ya ce ya sani. Ya miƙa mata lambobin da ya cire a ranar. Ta duba ta ce saura ɗaya.

"Wancan bai shiga motata ba, Madam."

Ta dubi Peyo, ta dubi tsohon. Ta ce ƙafafunta na ciwo, ta juya ta tafi.

Wannan shi ne mutumin da yau ya ajiye makulli. Ba a taɓa sa hotonsa a jarida ba, kuma in aka rubuta tarihin tseren nan sunayen na gaba za a jera. Amma mu da muka san ɗanɗanon romon kabejin nan a cikin bargo, mun san wanda ya riƙe tseren ta baya don kada ya zube.

Mun gode, Baba Firmin. Kai ne ka koya mana cewa ana iya sauka daga keke ba a sauka daga mutunci ba. Mun gode wa Mama Odile da tukunyarta. Allah ya sanyaya maka idanun, ya ba gwiwoyin hutu.

Ku kuma 'yan uwana, har yau ƙungiyar da ke shirya tseren ba ta sami wanda zai karɓi motar ba. Kowa motar gaba yake so, mai tuta da jiniya. Na san aikin ba daɗi, yini guda kana tafiyar kunkuru kana kallon bayan mai wahala. Amma wani ya daure ya karɓa. Wanda ya karɓa kuma ya je ya zauna da tsohon nan tun yana da ƙarfin magana, ya koyi barin tazara, ya koyi yin shiru.

Abu na ƙarshe da na gani a ranar shi ne wannan. Ina sauke kekena daga kan motar, sai na ga Baba Firmin ya taka zuwa bakin famfo, ya tsaya a bayan Peyo. Maddalen ta sunkuya tana kwance masa takalmi. Tsohon ya ɗaga gefen mayafin, ya kai hannu, kafin in ƙifta ido fil ɗin duk sun fita. Ya share ruwan da ke kan lambar da hannun rigarsa, ya ninke ta, ya zura a aljihun bayan rigar Peyo, ya mayar da mayafin yadda yake.

Peyo bai ɗago ba. Baba Firmin ma bai jira ya ɗago ba.